Gwajin numfashi ga masu ciwon asma

Labarin cewa ana iya gano kumburin hanyoyin iska na huhu ta hanyar gwajin numfashi ya shafe mu ƙwarai a Kano, inda ƙurar hunturu da hayaƙin janareta suke tayar wa yara da asma cikin dare. Majinyaci zai hura iska a hankali cikin na'ura na kusan daƙiƙa 10, ita kuma ta auna iskar naitirik oksayid da ke fita, wato wata iska da jiki ke samarwa wadda takan ƙaru idan hanyoyin iska sun kumbura. Ga babba, idan ta haura kashi 50 cikin biliyan na iskar da ya hura, alama ce ta kumburin da maganin shaƙa na sitiroyid yakan kwantar. Sai dai shan taba yana rage adadin, don haka dole likita ya haɗa da sauran bincike. Ina roƙon manyan asibitocinmu su samar da na'urar.