Ɗigo huɗu kawai

Shekara 15 ina walda a Yamai, kusa da kasuwar Katako, kuma babu yaron shagon da bai sha faɗana a kan gilashin walda ba. To, ga abin da ya sami mai faɗan.

Wata Asabar cikin Afrilu, rana na dukan tsakar ka, Alhaji maƙwabcina ya aiko wai hinjin ƙofar gidansa ya ɓalle. Na ɗaura ƙaramin injin walda a bayan moto, na kwashi sandunan walda masu kaurin milimita 2.5, da injin yankan ƙarfe mai batir na volt 18. Sai da na sauke kaya na tuna gilashin yana can rataye a shago. Na ce ai ɗigon walda huɗu ne, na zaro tabaran rana na dala ɗari na maƙala.

Na fi kowa sanin cewa sandar 2.5 tana cin amfiya 70 zuwa 90, kuma irin wannan wuta gilashi mai lambar duhu 10 ko 11 take so. Tabarau duhu kawai yake sa wa ido, hasken da ke ƙona fatar ƙwayar ido kuwa ta gefe da ta ƙasa yake shigowa abinsa. Tsatsa ta cinye ƙarfen ƙofar, ɗigo huɗu ya koma sanda shida.

Ga ni da silifa da rigar ƙwallo. Auduga idan tartsatsi ya faɗa mata takan yi ɗan rami, amma rigar roba narkewa take ta manne da fata. Wani tartsatsin ya sami masauki tsakanin yatsun ƙafata, na yi rawar da ko a bikina ban yi ba. Yaran Alhaji har da tafi.

Sai canjin faifan injin yankan ƙarfe. Injin mai waya, filogi za ka zare ka huta. Mai batir kuwa ko an ɗauke kuran a gari duka yana nan da ransa, sai ka cire batirin kafin ka sa sifana. Ni na ɗora shi a cinya da batirinsa, hannuna ya danne makunni. Abin da ke juyawa fiye da sau 8,000 a minti ba ya sallama. Sifanar ta tashi sama ta sauka a butar shayin Alhaji, faifan ya lashi gefen rigata ya datse tazuge. Allah ya kiyaye bai taɓa nama ba, amma da hannu ɗaya na ƙarasa kwashe kaya, ɗayan na riƙe da wando.

Batirin canji ma a kan sirdin moto na bar shi cikin rana. Da na kai gida na sa a caji, ja kawai yake ƙyaftawa. Cajar ta fi ni hankali: batirin litiyom da zafinsa ya haura digiri 45 ba a cajinsa, sai ya huce a inuwa, in ba haka ba ya kumbura ko ya kama wuta.

Na kwanta lafiya lau, don ciwon idon da hasken walda ke jawowa yakan jira awa 6 zuwa 12 kafin ya iso. Ƙarfe biyun dare na farka kamar an juye mini yashin kogin Isa a ido, hawaye shaaa, ko hasken waya ba na iya kallo. Na ce wa uwargida, "Wa ya daka barkono a ɗakin nan?" Ta ce, "Maigida, barkonon da ka je ka dako a ƙofar Alhaji ne." Ta kawo shawarar a ɗiga madara, na ƙi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi na ɗora, na daure ban murza ba, don murza ke ƙara karce idon.

Da safe ƙaramin yaron shagona, wanda na fi yi wa faɗa, shi ya ja ni zuwa asibiti. Likita ya duba ko ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, ya rubuta man ido da farasitamol, ya ce kwana biyu a ɗaki mai duhu. Jika biyun da Alhaji ya ba ni a kantin magani suka ƙare.

A hanyar komawa yaron ya yi gyaran murya ya ce, "Maigida, Alhaji ya ce ɗaya hinjin ma yana motsi. In ce masa ɗigo nawa ne?"