Injin Motar Tsere a Tsohuwar Bas: A Fara Duba Birki

A shekarar 1971 kamfanin Ford ya dasa wa bas ɗinsa Transit injin motar tsere GT40, ya sa mata suna Supervan. Don talla aka yi ta, ba don lodin fasinja ba. A shekarun 1980 kuma Porsche ya ɗauki bas ɗin Volkswagen T3, irin wadda ake danfo da ita a Legas, ya dasa mata injin 911 Carrera mai lita 3.2 da ƙarfin doki 231, aka kira ta B32. Alhali T3 ta farko da ƙarfin doki 50 zuwa 70 ta fito. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne T3 da motar Porsche 911 dukkansu a baya injinsu yake, kuma a kwance.

Har gobe masu sha'awa a Jamus da Amurka suna wannan dashe, da yawa da injin Subaru saboda ya fi araha. Aikin yana burge ni matuƙa, don raya tsohuwar mota ya fi a sayar wa 'yan gwangwan.

Sai dai Porsche bai tsaya a inji ba, ya canza birki, giyabos, shakazoba da tayoyi. Nan ne masu kwaikwayo suke yin sake. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa huɗu. Ga bas doguwa ce, tana tangaɗi a kwana, direba kuma yana zaune a saman tayar gaba, ƙarfe ɗan siriri ne tsakanin gwiwarsa da abin da zai daka.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a Kano ana zura injin tokunbo da sarƙa cikin wata tsohuwar bas, injin da ya fi nata ƙarfi nesa ba kusa ba. Bakanike ya nuna wa mai motar tiyon birki da ya tsattsage, shi kuwa ya ce, "Oga, bar shi kawai, ai yana ci." Raina ya ɓaci, don washegari mutane zai loda.

Wanda ya gina irin wannan mota don nishaɗinsa, Allah ya ba da sa'a. Amma bas ɗin haya da aka ƙara wa ƙarfin inji, a ganina, kada ta shiga layin lodi a tasha sai jami'an VIO sun gwada birkinta da kaya a ciki.