Ba faɗowa daga kujera ke kashe masu alkafura da jirgi ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa babban haɗarin da matuƙan wasan jirgin sama na farko suka fuskanta shi ne suɓucewa daga kujera idan jirgin ya kife a sama. Ba haka ba ne. In gudun ya isa, ƙarfin juyawar ne ke danne matuƙi a mazauninsa, kamar yadda ruwa ba ya zubewa daga guga in an wulwula ta da sauri.

Ga yadda ake alkafurar: a hau sama sosai, a sunkuyar da hancin jirgi ya tara gudu, sannan a ɗago shi a hankali har ya zagayo. Pyotr Nesterov na Rasha ya fara yinta a Kiev a Satumban 1913, Adolphe Pégoud na Faransa ya biyo baya a watan.

Matsalar tana ga gudu da fukafukai. In gudu ya gaza, jirgi ya tsaya cak a ƙololuwa ya rikito. In kuma ya yi yawa aka fizgo hancin da ƙarfi, nauyin da ke kan fukafukan katako da zane da waya ya ninku har su karye. Abin da ya sami Lincoln Beachey na Amurka ke nan ran 14 ga Maris 1915 a San Francisco: fukafukan jirginsa suka karye, ya faɗa teku. Bincike ya nuna ruwa ne ya ci shi, yana ɗaure da ɗamarar kujerarsa.