Ranar da surukina ya ce "zo"

A layinmu ni ne mai Turanci. Wanda zai cike fom ɗin banki, ko wanda aka turo wa saƙon da bai gane ba, shagona yake nufowa. Shi ya sa da Auta, 'yata da ke aji biyar a firamare, ta kawo min takardar aikin gida bayan Magariba, ko gyara zama ban yi ba. Kalmomi ne aka jero musu, kowace da haruffan nan huɗu, o-u-g-h, gobe za su karanta a gaban aji su faɗi ma'ana.

An ɗauke wuta tun rana, wayata ta mutu, sai 'yar fitila mai caji da ke lumshe ido. Surukina kuma, tsohon hedimasta da ya zo ganin likita, yana kishingiɗe a kan darduma can gefe yana jan carbi. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Ta farko cough. Na ce, "Kof, wato tari." Ta biyu trough, na ce, "Turof, kwamin da ake shayar da dabbobi." Sai na kafa mata doka da murya irin ta masu wa'azi: duk inda ta ga haruffan nan, ta ce "of" ta wuce abinta.

Ta uku tough. Wannan na san "taf" ce, abu mai tauri, haka ma rough da enough. Na yi wa dokar kwaskwarima, na ce wani lokaci "af" ne. Auta ta ce, "Abba, yaushe ne wani lokacin?" Na ce ta bar katse manya.

Muka iso dough. Ma'anar ba ta gagare ni ba, kwaɓin fulawa ne da ake burodi da shi. Na ce, "Dof." Ta rubuta a gefe da fensir. Ta ɗora yatsa a kan though ta dube ni. Na share gumi, na ce, "Zof."

Daga kan darduma sai na ji an ce, "Zo."

Kowa ya san yadda ake yi idan suruki ya kira. Na yi zumbur na miƙe, na tuɓe silifas, na je na durƙusa a gabansa, kai a ƙasa. "Ga ni, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, ba kiranka na yi ba. Kalmar ce haka ake faɗinta. Zo. Ma'anarta ko da yake."

Daga kicin na ji ludayi ya faɗi, sai wani tari da na tabbata dariya ce aka shaƙe. Tashi ya gagare ni, komawa ta gagare ni, na ci gaba da durƙuso, a nan aka yi min darasin. Ya ce wa Auta, "Amaryata, kawo takardar." Dough "do" ce. Through "suru", ratsawa ta cikin abu. Plough "filau", garmar shanu. Bough "bau", reshen itace. Thought "sot", tunani. Haruffa huɗu, kowace kalma da inda ta sa gaba, kamar 'yan uba a wajen rabon gado.

Tsohon malami idan ya samu aji ba ya saki da wuri. Ya ce da can Turawan Ingila suna furta wannan g-h ɗin daga maƙogwaro, kusa da harafin "kha" na Larabci, kamar yadda mutanen Sikotland ke faɗin loch har gobe. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutu ya fara tsayawa wuri guda, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. A wasu kalmomin sautin ya rikiɗe ya zama "f", a wasu ya ɓace ɗungurungum, haruffan suka zauna ba aikin fari ba na baƙi. Amurkawa ma da suka gaji sun koma rubuta garmarsu plow.

Na ga ƙofa, na ce bari in fita da sauran mutuncina. "Ai Baba, shi ya sa Hausa ta fi. Mu yadda muka faɗa haka muke rubutawa, ba rufa-rufa."

Ya gyaɗa kai. Ya nuna ta ƙarshe, drought, ya tambaye ni ma'anarta. Na ce, "Fari," da ƙarfina, don wannan kam na sani.

"To, rubuta mata. Amma ka nuna mata a rubuce wane farin ne. Na rashin ruwan sama, ko na launi, ko waɗanda ke cinye gero a gona, ko na ɗan fari, ko wanda kakarta ta yi min da ido a dandali har na kai kuɗin aure."

Kiran sallar Isha'i ne ya cece ni. Ban taɓa riga ladan saurin fita ba sai ranar.

Washegari Auta ta dawo da murna, duka ta ci sai ɗaya. Ashe ba ta goge fensirin da ke gefen dough ba, kuma da malamar ta gyara mata, sai ta tsaya kai da fata cewa Abbanta ne ya faɗa, kuma shi ke cike wa mutane fom. Rabin 'yan ajin nan a layinmu suke. Da safen nan zan fita, uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Auta, in za ka dawo ka biya wajen mai burodi. Ka ce ya zaɓo wanda dof ɗinsa ya tashi."