Barka da warkewa, ranka ya daɗe

Ba da kowa nake ba, jama'a, kada wani ya kira ni cikin dare. Akwai dai wani bawan Allah a jami'ar nan tamu a Kamaru da ya kamata a je a yi masa barka, don ya warke daga ƙaiƙayin bakin da ya daɗe yana damunsa. A da, in kuɗin bincike ya ɗan makara, shi ne mai buga tebur a ɗakin malamai, shi ne mai turo doguwar murya a WhatsApp yana "wallahi ba za mu yarda ba, 'yan'uwa". Tunda aka ba shi ofis mai labule da makulli nasa na kansa, sai ya koma wa'azin haƙuri. Ikon Allah sai kallo.

Karatun da yake biya mana yanzu shi ne wai baitulmali ba kuɗi, wai a tausaya wa ɗalibai. To ranka ya daɗe, rashin kuɗin nan ba jiya ya fara ba, kuma a bakinka muka haddace tarihinsa. Kai ne kake tuna mana cewa a gyaran tsarin jami'o'i na 1993 aka soke alawus ɗin ɗalibai, aka ɗora musu sefa 50,000 na rajista. Kai ne kake lissafi da yatsu: an buɗe jami'ar Marwa a 2008, an ƙara ta Garwa da wasu biyu a 2022, yara suna ta tururuwa, kuɗi kuwa ba ya bin sawunsu. Har kuɗin binciken da aka kafa a 2009, wanda ake biya duk wata uku, kai ka fi kowa sanin ranar da ya kamata ya shigo. Duk wannan ilimi ina ya tafi? Ko shi ma yana cikin akwatin da aka kulle?

Da SYNES, ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ta kira yajin aiki a Janairun 2025, ai ba sadaka muka roƙa ba. Haƙƙin gumi ne: awannin da muka koyar fiye da ƙa'ida, kundin ɗaliban da muka duba har ido ya yi ja, zaman da muka yi ana kare kundi. Bashi ne na shekaru. Akwai malamin wucin gadi da nake gani kullum yana sauka daga moto, wato babur ɗin haya, jakarsa duk ƙura, kuɗin moton daga aljihunsa, allin ma daga aljihunsa, shekara ta zagayo bai ga ko dala ba. Shi aka ce wa ya yi haƙuri. Mai faɗar kuwa da mota ya zo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fakewa da yaran nan. Ka shiga amfi, babban ɗakin lacca, ka ce musu malamansu ne suka cuce su, kai kaɗai ne mai ƙaunarsu. Madalla. Su kuwa suna zaune wasu a kan taga, wasu a ƙasa, na baya ba sa jin komai tunda lasifika ta mutu, sai da suka yi karo-karo suka gyara ta da kuɗin abincinsu. Masoyin nasu bai sa ko sisi ba. Amma da aka tashi, ga delege, wato wakilin aji, a bakin ƙofa da ɗan littafi, yana rubuta sunan duk wanda ya sayi takardun darasin wani malami. Wanda sunansa bai shiga littafin ba ya san abin da ke jiransa ranar jarrabawa. Ban ce na wane ne ba. Sunan dai yana bangon takardun da manyan baƙaƙe.

Kuma kada ka ɗauka ba su gane ba. Yaron da uwarsa ta sayar da akuya ta biya masa rajista, yake raba ɗakin haya da mutum uku, ba ya buƙatar a fassara masa talauci da Faransanci. Sun zo sun same mu, sun ce yajin yana ƙona su, mun kuma yarda yana ƙona su. Mun zauna da su mun tsara yadda za a rama darussa. A fuska suka faɗa mana, ba su bi ta ofishin kowa ba, ba su kuma kai sunayen abokansu sama ba. Wani kuwa, ranar da muka yi taro, kafin mu gama shan shayi an riga an san wa ya ce me. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ni ba kujerarka nake so ba, Allah Ya sanya albarka. Af, na kusa mantawa: awanninka na shekarun baya suna cikin jerin bashin da muka tura, mu da ka kira masu tayar da fitina muka rubuta maka su. Ranar da aka biya, za mu tsaya a bakin banki mu ga ko za ka mayar wa baitulmali, tunda ka ce ba kuɗi.