Direban Kanal

Ranar da na gaya wa matata cewa ina shirya direba zan aika wa masu kanal, kafin Magariba labari ya kai gidan surukaina cewa na samu aikin tuƙa wani babban soja. Na yi bayani har bakina ya bushe. Kanal ɗin nan zuciyar Linux ce, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, direba kuma 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta fahimci wata na'ura. Tawa na'urar mai karanta katin memori ce a wani ɗan allo da muke aiki da shi a ofis. Da na ƙara cewa abin da ake aikawa sunansa faci, sai ta ce: “To Maigida, tuƙin ne ko facin taya?”

Ba ni na rubuta direban tun farko ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar gyara shi da raba shi, yana aiki, amma a hargitse kamar kasuwa ranar da aka yi gobara. Su kuma masu kanal suna da ƙa'ida kamar gidan sarauta. Akwai wani dogari mai suna checkpatch.pl, 'yar manhajar duba ƙa'idar rubutu, da ke tsaye a ƙofa. Na miƙa masa fayil ɗina, ya yi ta zubo ƙorafi har na je na yi alwala na dawo bai gama ba. Shigar da layi ciki da tab ake yi, mai faɗin harafi 8. Layi kada ya wuce harafi 80, ko da yake tun 2020 dogarin ba ya ɗaga murya sai an haura 100. Sunan da aka cakuɗa manya da ƙananan baƙaƙe ba ya so. Sarari ɗaya tak a ƙarshen layi, wanda ido ba ya gani, shi ma laifi ne.

Mako uku ina shara. Na kwashe tarin #ifdef, wato sharuɗɗan da aka sa don tsofaffin kanal, na sa alamar lasisi ta SPDX a saman kowane fayil, na gyara Kconfig da Makefile masu tsara yadda ake haɗa direban, na cusa sunana a MAINTAINERS, jerin masu kula da sassan kanal, ina jin kaina kamar an naɗa ni hakimi. Cikin sharar ne na ci karo da layuka uku da ba su yin komai sai jira, da wani sharhi da rubutun Sinanci a kansu. Ban iya karantawa ba, kuma jira ɓata lokaci ne. Na goge.

Dogari ya ce kuskure 0, gargaɗi 0. Saura gwaji, kuma katin gwajina na ofis. Ƙarfe ɗayan dare ne, wayar uwargida na caji a gefen gado, ita kuma tana barci. Na ce aron katin wayar zan yi na minti 5.

Katin memori in yana kan rubutu yakan riƙe layin sigina mai suna DAT0 a ƙasa, wato “dakata ban gama ba”. Na'urar tamu ba ta lura da wannan da kanta, layukan da na goge su ne masu jiran. Direbana mai tsabta ya riƙa ɗura wa kati sabon umarni tun bai haɗiye na baya ba, har teburin FAT32, wanda ke nuna inda kowane fayil yake, ya dagule. Hotunan sunan 'yarmu ne a ciki. Da asuba na kwafi sharhin nan na sa a manhajar fassara. Ma'anarsa: kada a cire wannan.

Da PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da suka ɓace, na ceto wasu hotunan. A ɗaya, Hajiya surukata ta fito daga kai zuwa ƙirji, daga nan ƙasa kuma toka-toka. Ragon suna kaɗai ya tsira cikakke, sau huɗu.

“Maigida, wa ya taɓa min waya?”

Na so in ɗora wa wutar lantarki, amma dare ɗaya ke nan a watan da ba a ɗauke ta ba. Dama kowane faci sai ka sa Signed-off-by da sunanka a ƙasa, ka shaida kana da hurumin miƙa shi. Nan ma hannun na sa, na sayi sabon kati mai giga 64 da turmin atamfa.

Na mayar da layukan uku, na fassara sharhin zuwa Turanci, na tambayi 'yar manhajar get_maintainer.pl wa zan aika wa, na aika. Bayan mako biyu amsa ta zo, layi biyu: facin ya yi girma, in raba shi ƙanana in sake turowa. Ina cikin rabawa Hajiya ta kira. Bayan gaisuwa ta ce akwai ɗan ƙanwarta da ya gama sakandare yana son shiga soja, tunda kullum ina tare da Kanal, in taimaka in yi masa magana.