Gwanin gida da gwanin waje a wasan kurket

A fadojin Damagaram, in ana shayi hira ta faɗo kan kokawa, kowa ya yarda cewa mai kayar da 'yan unguwarsu daban, wanda ya je gasar takobi ya kayar da gwanayen wata jiha a gaban jama'arsu daban. To 'yan uwa masu bin kurket ta waya, don me in an zo kan mai bugu, wato mai tare ƙwallon da aka jefo da sanda don ya ci maki, muke ɗaukar lamba ɗaya mu yanke hukunci?

Matsakaicin nan da ake yawo da shi, jimillar maki ce aka raba da yawan fitar da mutum da aka yi. Ba ya gaya maka a wane fili aka buga, balle wa ya yi jifan. Sai ka tsaga shi biyu, na gida da na waje, sannan na wajen ka ware wanda ya ci a hannun manya.

Ku dubi David Warner na Ostareliya. A 2019 ya je Ingila, ya shiga bugu sau 10, makinsa duka 95, Stuart Broad, mai jifan Ingila, shi kaɗai ya fitar da shi sau 7. Shekarar ba ta ƙare ba ya buga wa Pakistan 335 a Adelaide, ba a fitar da shi ba. Mutumin bai canza ba, ƙwallo da fili ne suka canza. A Ingila ƙwallo ƙirar Dukes ake jefawa, ɗinkin hannu ne kuma a tashe yake, shi ya sa take daɗewa tana lanƙwasa a iska, musamman in akwai hadari da danshi. Kookaburra ta Ostareliya kuwa ɗinkinta na kwanciya da wuri, in ka jure farko sai ta riƙa zuwa maka a miƙe. Warner bahago ne. Broad kan zagayo ya jefo ta kamar za ta shige jikinsa, tana dira ƙasa ta kauce waje, ta lashi gefen sanda, ta faɗa hannun masu jira a baya. Rauni ne na gaske, kuma filayen gida sun daɗe suna rufa masa asiri.

Amma kada tafiya ɗaya ta sa ka binne mutum. Virat Kohli na Indiya ya samu 134 kacal a shiga 10 a Ingila a 2014, yana miƙa hannu ga ƙwallon da ya kamata ya ƙyale ta wuce, James Anderson, mai jifan Ingila, ya cire shi sau 4. A 2018 ya koma, ya tsaya gaban layin mai bugu don ya tari ƙwallo kafin ta gama lanƙwasa, ya koyi ƙyalewa, ya tara 593, Anderson bai same shi ko sau ɗaya ba. Ni a wurina komawar nan ta biyu ta fi kowace lamba nauyi, domin masu jifa sun riga sun san lagonka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wannan awo kan 'yan Asiya kaɗai, a ce sai sun nuna kansu a Ingila, Ostareliya, Afirka ta Kudu da Niyu Zilan. Adalci ya ce Bature ma a tambaye shi Indiya, inda fili ke bushewa ya tsattsage, ƙura na tashi, ƙwallo na juyawa tun ranar farko ta wasan. Ricky Ponting na Ostareliya da duk girmansa 17 ya samu a shiga 5 a can a 2001, Harbhajan Singh, mai jifan Indiya, ne ya fitar da shi duka biyar. Shi ya sa 109 ɗin da Steve Smith na Ostareliya ya buga a Pune ta Indiya a 2017, a filin da 'yan gida kansu suka kasa tsayawa har aka cinye su da tazarar maki 333, nake ɗora shi sama da da yawa daga ɗari bibbiyun da aka buga a shimfiɗaɗɗen fili a gida.